Kada Ka Bar Jaki Ka Daki Taiki

Ɗana, maganar da nake so mu yi yau ƙarama ce a ido, ta wani abu ce da yake faruwa kusan kullum a shagunan kwamfuta na Mai Wurno da Sinnar da Sinja, har zuwa Damazin da unguwannin Hausawa na Wad Madani: mutum ya buɗe shafin intanet, rubutu ya fara fitowa, sai burauza ta daskare cak, ko kuma ta rufe kanta ɗungurungum ko sallama babu. Na san ba ragonta ke damunka ba, ba kuma mugunta ba, don da haka kake da ba a damƙa maka kwamfutar shago ko ta makaranta ba, da kuma dattawan unguwa ba su riƙa sallama a ƙofarka da takardunsu a leda ba. Sai dai na lura da wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakanin samarinmu masu wannan sana'a, wato da zarar burauza ta faɗi sau biyu sau uku sai a yanke hukunci cewa jihazin, wato injin, ya lalace, a ɗauko filasha, a yi masa farmata, a goge komai a zuba sabon Windows. Wannan ɗabi'ar nake so in raba ka da ita cikin ruwan sanyi, domin a mafi yawan lokuta kwamfutar ba ta yi laifin komai ba, ita ma burauzar ba ta yi ba, an dai bar jaki ne ana dukan taiki.

Ka fara da sanin cewa shafin da kake gani a allo ba daga wuri ɗaya ya fito ba. Rubutun na mai shafin ne, amma bidiyon da ke tsakiya daga wata kwamfutar ya taho a wata ƙasa, tallan da ke ƙyalƙyali a gefe daga wani kamfani, taswirar da ke ƙasa daga wani, haka ma akwatin da ke nuna takardar PDF. Duk cusa su aka yi a cikin shafin, kuma kowanne yana zuwa da nasa umarnin da yake so kwamfutarka ta aiwatar. A shekarun baya burauza ba ta iya nuna yawancinsu da kanta, sai ta nemi taimakon wasu manhajoji na waje da ake kira fulogin: Flash don bidiyo da wasanni, Java don wasu shafukan ma'aikatu da bankuna, Silverlight na Microsoft, da mai karanta PDF na Adobe. Inda gizo ke saƙa shi ne, a wancan lokacin burauza da fulogin a gurbi ɗaya suke aiki a ƙwaƙwalwar kwamfuta, in fulogin ya yi kuskure ya taɓa inda bai kamata ba sai Windows ya kashe su baki ɗaya, kai kuwa abin da idonka ya gani kawai shi ne burauza ta mutu. Saboda wannan ne Chrome tun fitowarta a 2008 ta ware wa shafuka da fulogin gurabe daban-daban, Firefox ma ta fitar da fulogin daga gurbinta a 2010, don in Flash ya faɗi ya faɗi shi kaɗai. A 2010 ɗin ne ma shugaban Apple na lokacin, Steve Jobs, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ya ɗora wa Flash alhakin faɗuwar kwamfutocin kamfaninsa fiye da kowane abu, ya kuma ƙi yarda a sa shi a iPhone.

Daga nan aka shiga sallamarsu ɗaya bayan ɗaya. Chrome ta rufe wa irin su Java da Silverlight ƙofa a Satumban 2015, Firefox ta yi haka a Maris na 2017, shi kuma Flash kamfanin Adobe da kansa ya zare hannu daga gare shi ranar 31 ga Disamba 2020, ya kuma hana shi aiki tun daga 12 ga Janairu 2021.

Za ka ce, to Baba, in an riga an binne su, me ya kawo maganarsu yanzu? Abin da ya kawo ta shi ne halin da kwamfutocinmu suke ciki a nan Sudan. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar nan tun 1997 ya sa kamfanoni da yawa suka toshe mu daga sauke manhajojinsu, sai a 2015 aka sassauta a kan kayan sadarwa, aka ɗage mafi yawansa a Oktoban 2017. A cikin waɗannan shekaru 20 manhaja hannu da hannu take yawo, daga Khartum zuwa Madani, daga Madani zuwa ƙauye, a faifai ko a filasha, kowa ya kwafa daga wurin ɗan'uwansa, an fasa mata kwaɗo an kashe mata hanyar sabuntawa. Takunkumi ya tafi, ɗabi'ar ta zauna. Har gobe za ka shiga shago ka tarar da Windows 7, wanda Microsoft ta daina kula da shi tun Janairun 2020, a kansa ga tsohuwar burauza, ga ragowar Flash da Java da ba wanda ya tuna yaushe aka sa su. Chrome kanta a lamba 109 ta tsaya ga masu Windows 7 tun farkon 2023, Firefox kuma a 115, alhali shafukan duniya kullum gaba suke yi, ana cusa masu sababbin bidiyo da tallace-tallace da aka gina don sababbin injuna. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Sannan ga ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza, waɗanda mai Chrome ta Larabci yake gani da sunan idafat: na sauke bidiyo, na fassara, na canza fuskar shafi, da VPN na kyauta da jama'a suka ɗora tun lokacin da aka toshe Facebook da WhatsApp a Disamban 2018 kuma ba su sake waiwayarsu ba. Waɗannan liƙe-liƙen su suka gaji fulogin a wajen fitina, don suna sa hannu a kowane shafi ka buɗe.

Kai ɗan Jazira ne, ka san abin da manomin kirki yake yi in ruwa ya ƙi isa hawasharsa, wato gonarsa. Ba ya tashi ya nufi madatsar Sinnar ya ce dam ya lalace. Daga bakin gonarsa yake farawa, ya duba ƙaramin magudanin Abu Sitta ko ciyawa ta toshe shi, in nan lafiya ya bi magudanin Abu Ishirin yana kallon inda laka ta taru, ya tambayi maƙwabcinsa na nimra ɗaya ko shi ya samu ruwa, sai in duk wannan bai nuna komai ba sannan ya je bakin tur'a, babban magudanin, ya yi magana da gafir mai tsaron ruwa. Haka nake so ka bi burauzarka, daga kusa zuwa nesa, daga abu mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma kada ka taɓa abu biyu a lokaci guda, don in ka canza abu uku tare ta gyaru ba ka san wanne ne maganin ba, gobe in ta dawo kana nan inda kake jiya.

Abu na farko ba ya buƙatar ka taɓa komai, ido kawai yake so da nutsuwa. Shafi ɗaya ne yake kayar da ita ko kowane shafi? Burauzar ce gaba ɗaya take ɓacewa, ko shafin ne kaɗai yake nuna fuskar nan mai ɓacin rai, ko kuwa akwatin bidiyon ne kawai ya yi baƙi saura na nan lafiya? Tun buɗewa take faɗuwa ko sai bidiyo ya fara motsi? Ka rubuta saƙon da ta nuna a takarda kafin ka rufe shi, ko ka ɗauke shi hoto da wayarka. Sannan ka buɗe wannan shafin a wata burauzar, ko a waya. In a ko'ina yana faɗuwa, matsalar ta mai shafin ce, ko kwana za ka yi kana farmata ba za ka gyara masa shafinsa daga Mai Wurno ba.

Na sha tsayawa a irin waɗannan shaguna ina kallo. Dattijo ya zo da lambar jarrabawar 'yarsa a rubuce a bayan kwalin magani, yana so a duba masa labarin sakamako. Yaron shago ya buɗe wani shafin labarai, kanun ya fito, a gefe wani bidiyon talla ya fara wasa da kansa, a ƙasa wani ya biyo baya, fankar laftof ta ɗauki kuka, kibiyar linzami ta tsaya. Sai yaro ya shiga danne-danne, ya sake buɗe shafin a wuri na biyu, na uku, na huɗu, kowanne da nasa bidiyon, har burauzar ta haƙura ta rufe. Ya juyo ya ce, "Baba, yi haƙuri, shabaka ce ba kyau." Dattijo ya ce, "To ɗana, Allah ya kyauta," ya naɗe kwalinsa ya tafi, an ci kuɗin awa guda na intanet a banza. Ba shabaka ba ce. Raunin Zain ko Sudani ko MTN yana sa shafi ya yi jinkiri ko ya ƙi buɗewa, amma ba ya rufe burauza. Da yaron ya danna Shift da Esc tare a Chrome, da wata 'yar taga ta buɗe ta jera masa kowane shafi da kowane liƙe da kowane akwatin da aka cusa, kowanne da adadin ƙwaƙwalwar da yake ci a gabansa, da ya ga da idonsa cewa akwatin talla ɗaya ya fi rubutun labarin ci ninkin ba ninki, ya zaɓe shi ya kashe shi, shafin ya huta. A Firefox in ka rubuta about:processes a wurin adireshi irin wannan jerin za ka gani. Injin da ke da gigabait 2 ko 4 na RAM ba ya ɗaukar shafuka goma masu bidiyo, komai kyawun niyyarka.

In kana zargin liƙe-liƙe, gwajinsu ba shi da wuya. Danna Ctrl da Shift da N a Chrome, taga ta sirri za ta buɗe, kuma a cikinta liƙe-liƙen ba sa aiki sai wanda ka ba izini da kanka. A Firefox kuma ka riƙe Shift lokacin da kake buɗe ta, za ta tashi a yanayin bincike da komai a kashe. In shafin ya zauna lafiya a nan, ka kama bakin zaren. Sai ka shiga chrome://extensions ka kashe su duka, ka kunna rabi ka gwada. In ta faɗi mai laifin yana cikin wannan rabin, in ba ta faɗi ba yana cikin ɗayan, ka sake raba rabin biyu, a haka ko liƙe 16 gare ka gwaji 4 ya ishe ka ka fito da shi. In ka same shi ka cire shi gaba ɗaya, kuma tunda ka shigo, duk wanda ba ka san wanda ya sa shi ba, ko ba ka tuna ranar da ka yi amfani da shi ba, ya bi shi. Ni dai a ganina kwamfutar da jama'a ke shigar da kalmar sirrinsu a kanta bai kamata a bar mata VPN na kyauta ko manhajar sauke bidiyo da aka fasa ba ko da ba sa kayar da komai.

Akwai kuma wadda sai bidiyo ya fara take faɗuwa, ko allon ya yi kore ko baƙi ya ƙyafta. Wannan galibi tsakanin burauza ne da katin hoto. Burauzar zamani tana miƙa aikin bidiyo ga katin don ta rage wa kanta nauyi, in direban katin tsoho ne sai a samu saɓani. Shiga saituna, ƙarƙashin System, ko Nizam in taka da Larabci take, ka kashe maɓallin da ke ba katin hoto wannan aikin, ka rufe burauzar ka sake buɗewa. In ta gyaru ka san inda ciwon yake, sai ka nemi sabon direba daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar in har yana nan. Kada kuma ka manta da ƙasar da muke ciki. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, guguwar habub tana cusa ƙura a kowace kafa, laftof kuma an ɗora ta a kan katifa ko darduma ta toshe mata hanci. Bidiyo shi ya fi komai dumama inji, don haka sai ka ga kamar shafin ne ya kashe ta alhali zafi ne. Taɓa ƙasanta da tafin hannu, ɗaga ta a kan 'yan katakai biyu, hure mata ƙura. In duk wannan bai yi ba, goge tarkacen da burauza ta ajiye na wannan shafin, ko ka buɗe sabon mai amfani a cikinta ka gwada, amma kafin ka goge komai ka tabbata ba kalmomin sirrin mutane kake sharewa ba.

Yanzu ga wurin da nake so ka buɗe kunne sosai. Wata rana za ka buɗe shafi, musamman na kallon ƙwallo ko fim kyauta, ya ce maka bidiyon ba zai yi ba sai ka sabunta Flash, ga maɓalli nan ja ko kore yana kiranka. Ɗana, Adobe ba ya raba wani sabon Flash. Wanda ya yi shi ya rufe shagon tun ƙarshen 2020, duk abin da irin wannan shafin zai sa ka sauke da wannan suna yau wani abu ne daban aka sa wa rigarsa. Wannan dabara tsohuwa ce: a Oktoban 2017 wata muguwar manhaja da aka yi wa laƙabi da Bad Rabbit ta kulle kwamfutoci a Rasha da Yukiren, ta nemi kuɗin fansa, kuma da sunan sabunta Flash ta shiga. Ka ɗauki wannan a matsayin doka a shagonka, ka gaya wa ƙannenka da suke riƙe maka wuri in ka tafi salla: duk shafin da ya ce sai an sauke wani abu kafin ya nuna bidiyo, a rufe shi. Shafukan kirki na yau ba sa neman komai, burauza da kanta take nuna bidiyonsu. In kuwa tsohon darasi ne na makaranta da aka yi da Flash kuma malamai suna buƙatarsa, akwai wata manhaja ta kyauta mai suna Ruffle da take buɗe da yawa daga cikinsu ba tare da Flash ɗin ba, ita ce ma Internet Archive take amfani da ita tun 2020. In kuma wani tsohon shafin ma'aikata ne da ba ya yi sai da Internet Explorer, wadda aka yi wa ritaya a Yunin 2022, Edge tana da yanayin da take kwaikwayonta. Ka buɗe wannan shafin kaɗai a ciki, ka gama ka fita.

Abin da ya sa na nace a kan wannan, kai ma ka sani. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ya iso Madani a Disambar shekarar, ya gangaro Sinja a tsakiyar 2024, mutane da yawa sun bar gidajensu da kayan jikinsu kawai. Akwai wanda shaidar karatunsa da takardar haihuwar 'ya'yansa da takardar hawasharsa ba su rage a ko'ina ba sai hoton da aka taɓa ɗauka a wani shago. Kuɗi kuma sun koma cikin waya, da manhajar banki ta Bankak ake sayen dawa da magani, da ita ɗan'uwa a Saudiyya ko Kano yake agaza wa na gida, kuma kowa ya ga yadda rayuwa ta tsaya lokacin da layuka suka ɗauke a Fabrairun 2024, har aka koma biyan kuɗin awa a gindin na'urar intanet ta Starlink. A irin wannan hali kwamfutar shagonka ta zama wurin ajiyar amana. In ka yi mata farmata cikin fushi saboda wani tallan banza ya kayar da burauza, wataƙila ka shafe wa wata bazawara takardar da ba za ta sake samu ba. In ka danna maɓallin Flash na ƙarya, wataƙila ka buɗe wa ɓarawo ƙofa ya kwashe lambobin duk wanda ya zauna a kujerarka. Ba da nufi za ka yi ba, na sani, amma wanda aka yi wa asarar ba nufinka zai ci ba.

Waya ma haka take, don yawancin mutanenmu ita ce kwamfutarsu. In ka danna mahaɗi a cikin Facebook ya buɗe ya faɗi, ka kwafe shi ka buɗe a Chrome kai tsaye. In kuma manhajoji da yawa suka fara rufewa a rana ɗaya, ka tuna da abin da ya faru a Maris na 2021, lokacin da wani kuskure a Android System WebView, wato ɓangaren da manhajoji ke ara don nuna shafukan intanet a cikinsu, ya kayar da Gmail da wasu da dama a wayoyin duniya. Maganin bai wuce sabunta WebView da Chrome a Play Store ba. Wanda ya yi gaggawar mayar da wayarsa yadda ta fito daga kamfani a ranar, hotunansa kawai ya rasa.

Ban ce farmata haramun ce ba. Akwai ranar da za ka bi duk waɗannan matakai ka tarar Windows ɗin kansa ya ruɓe, ko wata cuta ta yi masa katutu, ranar nan sai a yi. Amma ta zo a ƙarshe, bayan ka kwashe takardun jama'a zuwa wani wuri, bayan ka kira mai injin ka ce, "Alhaji, ga abin da na gwada, ga abin da ya rage, akwai abin da kake so a ajiye?" In kuma gyaran bai wuce cire liƙe ɗaya ba, ka gaya masa gaskiya cewa ɗan abu ne, ka karɓi kuɗin ɗan abu, ka nuna masa yadda zai yi da kansa gobe. Kada ka ji tsoron zai daina zuwa. Garuruwanmu ƙanana ne, labarin mai gaskiya daga masallaci zuwa kasuwa yini ɗaya yake yi. In shafin wata makaranta ko ƙungiya ne yake kayar da burauzar kowa, ka aika masu saƙo cikin ladabi, ka faɗi wane shafi, wace burauza, wace lamba, da abin da ya fito a allo, don mai yiwuwa su a sabuwar kwamfutarsu ba su taɓa ganin matsalar ba.

Abin da nake roƙonka ka yi tun daren yau, kafin wata burauzar ta sake faɗuwa, ka sami filasha mai kyau ko biyu, ka kwafe duk takardun mutane da ke kan injinka, ka ajiye ɗaya a wani gidan da ba naka ba. Allah ya yi maka albarka, ya sa wa sana'arka albarka, ya zaunar mana da ƙasar nan lafiya.